Ranar da Na Yi wa Bukar Ladabi

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin labaran jarumtata, kuma kusan dukkansu daga bakina kuka ji su. Kun san na kadan da na kama da hannu a kogin Gashuwa, wanda kowace shekara yake ƙara tsawo, har uwarku ta ce in ban sassauta ba wata rana kansa yana ƙarƙashin gadar Gashuwa wutsiyarsa za ta riƙa share kasuwar Nguru. Kun san na 'yan fashin da suka tare ni a hanyar Kumagannam, waɗanda suka fara a 'yan tsiraru yanzu sun zama runduna har da tamburansu. To yau ga gaskiya: kadan nan guza ne, kuma a mace na tsince shi. 'Yan fashin kuwa makiyaya ne da suka tsayar da ni suna neman ashana. Wannan duk ba komai ba ne, ba wanda ya cutu. Amma akwai labari guda da ban taɓa ba ku ba, kuma na san kun tsince shi a gidan biki ko wurin zaman makoki, inda ake rage murya a ce ubanku Ɗanlami da bakinsa ya kashe taubashinsa. Shi nake so ku ji daga wurina.

Hajara ce ta tono shi ba ta sani ba. Ta dawo hutu daga kwalejin da take karatun Turanci, ta tarar ina ba baƙi labarin kada, sai ta ajiye tiren shayi ta ce:

"Baba, ka san kalmar da Turawa suke kiran jarumta da ita daga zuciya ta samo asali? Malaminmu ya ce a da can ba kokawa da kada take nufi ba. Abin da ke cikin ƙirjin mutum ake nufi, halinsa da nufinsa, har da ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa."

Na ce, "Ai dole su ce haka, tunda ba su taɓa ganin kadan Gashuwa ba."

Baƙi suka tuntsire da dariya, ni ma na yi. Amma shayin nan har ya huce ban taɓa shi ba.

Kakanku daga Kano ya biyo jirgin ƙasa ya sauka Nguru yana sayen gyaɗa da fatu. Ƙanwarsa, Gwaggo Hansatu, ta auri wani mutumin Bade a Gashuwa mai fadamar shinkafa a Dagona. Da mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, Gwaggo ta zo ta'aziyya, ta dube ni, ta ɗaure ni a bayanta ta hau mota, ba ta nemi izinin kowa ba. A gidanta na tashi tare da 'ya'yanta, Yaya Lawan babba, da Bukar sa'ana. Ni ɗan namiji, Bukar ɗan mace, wato taubasai, kuma kun san abin da wannan yake nufi: duk abin da bakina ya ga dama ya faɗa masa, shi ma haka, ba fushi ba kai ƙara. Ina ce masa bawana ne, shi yana ce min ragowar kayan da jirgin Kano ya manta a tasha. Muka girma a haka, muka yi aure a haka. Ban taɓa gaishe shi da sannu ba. In na shigo Gashuwa da a-kori-kurata zan ɗauki banda, tun daga bakin kasuwa nake ɗaga murya:

"Ina mummunan nan mai warin tarwaɗa?"

Shi kuma daga cikin rumfa, bai ko ɗago kai ba:

"Ku ɓoye abinci, Bakano ya iso!"

Ranar aurensa da Falmata na gaya wa dangin amarya cewa angon yana minshari har kwaɗin Dagona suna kawo ƙara wurin mai gari. Ranar sunan Hajara ya ɗauke ta ya duba, ya ce alhamdu lillahi, Allah ya ji ƙan yarinya, ba ta ɗauko hancin uban ba. Wanda bai san mu ba sai ya zaci gaba muke yi. Gwaggo kuwa in muka fara sai ta ci gaba da tsince shinkafarta tana cewa, "Ku cinye juna, ni na huta da dafa tuwo."

Ciwon ya zo ne a shekarun nan da man fetur ya yi wuya, muna kwana a layi, kafin wayar salula ta shigo mana. Ciwon ƙoda ne, wanda kuka san yadda ya addabi mutanen Gashuwa. Da fari ƙafafunsa suka kumbura, na ce ya zama giwa, a kai shi gidan kallo a riƙa biya. Sai fuska, sai amai, sai ya zamana mutumin da yake ɗaga kwalin banda da hannu ɗaya yana hutawa tsakanin ɗaki da zaure. Aka yi na gargajiya, aka yi rubutu, aka yi na asibitin gari, daga bisani aka ce sai Kano, a riƙa yi masa wankin ƙoda. Ni ne mai mota, don haka ni ne direba. Mu tashi Gashuwa, mu bi ta Jajimaji, mu kwana gidana a Nguru, mu kama hanyar Haɗeja wadda a lokacin ramukanta sun isa a yi noman rani a ciki. A sa masa injin, a dawo da shi kamar tsumman da aka matse, ya ɗan farfaɗo, a sake komawa.

A wata tafiyar likitan ya kira ni da Yaya Lawan gefe. Mutum ne mai sanyin magana, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙodojin duka sun gama aiki, zuciyar ma ta gaji, wankin yana jinkirtawa ne kawai kuma kullum yana ƙara yi wa jikin nauyi. Ya ce shi ba Allah ba ne, amma a yadda yake gani mu shirya. Da muka koma Gashuwa Yaya Lawan ya gaya wa Gwaggo a bayan rumbu. Ba ta yi kuka ba. Ta aika aka kira ni, ta kama kunnena kamar ina ɗan yaye, alhali a lokacin ina da gemu da 'ya'ya.

"Ɗanlami, na san bakinka, ba shi da murfi. To wannan karon ka nemo masa. Majiyyaci da zuciyarsa yake tsaye. Muddin yana sa ran tashi, to yana tare da mu. Ka karya masa ita, ka kashe shi kafin ajalinsa. In ya tambaya, da sauƙi. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Kuma ba wani baƙon abu ta nema ba. Haka muke yi, ku ma kun sani. Mutum yana kwance numfashi yana fita da ƙyar, a shigo a ce yaya jiki, a ce da sauƙi, mai tambaya ya ce Allah ya ƙara sauƙi, kowa ya san abin da ya gani kowa ya haɗiye. Tausayi ne, kuma tawakkali ne, don ba wanda ya san gobe. Na riƙe alkawarin Gwaggo da gaske. Ban faɗi kalma ɗaya ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, na daina zaginsa. Bakina ya ƙi. In na buɗe zan ce mummuna sai in ga wuyansa da ya zama kamar na zakara, sai in ji na ce, "Sannu, Bukar." Na fara gyara masa matashi a mota. Na fara tambayarsa ko zai sha ruwa. Har rage gudu nake yi a kan rami, ni da aka sani ina tsallake ramuka kamar barewa.

Tafiya ta gaba ta faɗo ranar kasuwar Jajimaji. Da muka wuce garin kaɗan mota ta ɗau zafi, na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya, Yaya Lawan ya ɗauki jarka ya koma neman ruwa. Rana tsaka, amalanken shanu suna wucewa da buhunan gero. Bukar yana gaba, ƙafafunsa a kan kwali. Na zagayo na buɗe masa ƙofa don iska, na ce:

"Sannu. Ko in shimfiɗa maka tabarma a inuwa?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce:

"Ɗanlami, yaushe rabonka da ka zage ni?"

Na yi dariyar da ba ta da gishiri, na ce ai ina tara masa ne, sai ya warke in sauke masa gaba ɗaya.

"Ƙarya kake, Bakano. Tun ranar da likitan nan ya ja ku gefe kake min ladabi. Inna ta ce da sauƙi, Yaya ya ce da sauƙi, Falmata tana shiga madafa tana fitowa da jan ido ta ce hayaƙi ne. Duk na yi musu uzuri, aikinsu ke nan. Amma kai? Kai da ka ce min giwa? Ranar da ka ce min sannu na ji kamar an fara haƙa min kabari."

Na ce, "Haba Bukar, wace irin magana ce wannan."

"Duk duniya kai kaɗai aka ba izinin gaya min abin da ba na son ji. Tun muna yara kake cin wannan izinin a kan hancina da minsharina. Yau da nake buƙatarsa za ka ce ba ka da shi? Akwai mutanen da nake so in nemi yafiyarsu da ƙafata, ba a aika a ce marigayi ya ce ba. Akwai shinkafata tana nuna a Dagona ban gan ta ba. In wata nawa ya rage min a kan hanyar Haɗeja zan ƙarar da su ina amai a leda, to ina so in sani, in zaɓa da kaina. Me ya ce muku?"

Na sha ba ku labarin yadda ban taɓa jin tsoro ba. A ƙarƙashin tsamiyar nan kam na ji shi. Ina jin zafin yatsun Gwaggo a kunnena. Na san in na yi magana na rasa ta, matar da ta goya ni ba ta haife ni ba. Na san in na yi shiru, Bukar zai mutu yana kallona a matsayin baƙo mai ladabi. Na tsuguna a gabansa na faɗa masa duka, yadda likita ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, kuma ina jin wannan ne karo na farko a rayuwata da na ba da labari ban ƙara masa komai ba.

Ya rufe ido ya yi salati. Da ya buɗe sai ya ce:

"To. Madalla. Yanzu share hancin nan, ka ƙara muni."

Na ce, "Ko a haka na fi ka kyau, mai ƙafar turmi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Yaya Lawan ya dawo da jarka ya same mu muna dariya da hawaye, ya tsaya. Bukar ya ce, "Yaya, a zuba ruwan a juya mota. Na gama zuwa Kano." Yaya Lawan bai dube shi ba, ni ya duba. Muka juya Gashuwa.

Gwaggo tana tsakar gida da faifai a cinya. Da ta ga mun shigo da rana tsaka ta san komai. Ta bari aka shigar da Bukar ɗaki, sannan ta ajiye faifan.

"Abu ɗaya na roƙe ka tun da na ɗauko ka daga Nguru. Ɗaya."

Na ce, "Gwaggo, shi ya tambaye ni. Ya riga ya gane."

"Ganewa daban, ji daban. Da yana zato, yanzu ka tabbatar masa. Ka cire masa abin da yake dogarawa. Kai ne Allah da za ka yanke masa kwana? Tashi ka fita. Kada in ƙara ganin ƙafarka ta wuce zauren nan."

Na zaci fushin kwana biyu ne. Na ma fara shirya barkwancin da zan wanke kaina da shi.

Bukar ya koma Dagona, gidan gonarsu, Falmata da yara suka bi shi. A wannan kakar ban yi kasuwanci ba. Na zama direban neman yafiya. In sa shi a gaba mu shiga ƙauyuka, ya sauko da ƙyar yana dafa kafaɗata. Ya nemi gafarar wani tsoho da ya taɓa yanke wa komar kamun kifi suna samari, tsohon ya ce shi fa bai tuna ba amma tunda an zo ya yafe, kuma ko akwai goro. Ya je wurin wani abokinsa da suka yi shekaru ba sa magana a kan iyakar gona, suka zauna a kan kunyar gona ɗaya suna kuka kamar yara, ni ina gefe ina korar awaki. Ya zaunar da 'ya'yansa ya yi musu magana ɗaya bayan ɗaya. Aka yanke shinkafarsa yana zaune a inuwa yana yi wa masu yanka tsiya wai sun bar rabi wa tsuntsaye. Da yamma mukan zauna bakin ruwa muna kallon baƙin tsuntsayen nan da suke zuwa da sanyi, ya nuna wani mai dogon baki ya ce ga ɗan'uwana ya zo gaishe ni. Na zage shi kullum, safe da yamma, kamar mai ba da magani. Kafin tsuntsayen su koma inda suka fito, Bukar ya riga su tafiya.

Gwaggo ta zo Dagona ta yi jinyarsa a makonnin ƙarshe. In na shigo ta ƙofa sai ta ja mayafi ta fita ta baya. A wurin makoki Yaya Lawan ya ce, a gaban mutane, akwai wanda suka fara wankin ƙoda tare da Bukar kuma har yanzu yana raye yana zuwa kasuwa. Gaskiya ne, na san mutumin, ya ƙara fiye da shekara. Daga nan maganar da kuka ji ta samo tushe. Ba zan ce muku na tabbata na yi daidai ba. Wata rana in tuna dariyarsa a bakin ruwa in ce ko yau aka sake haka zan yi. Wata rana in ga ƙaramar 'yarsa, wadda ba ta tuna fuskarsa, in ce da na yi shiru wataƙila da ta samu shekara guda ta riƙe shi a ido. Allah kaɗai ya san wanne ne.

Shekaru suka yi ta wucewa. Kowace sallah ina zuwa Gashuwa in tsaya a zaure in yi sallama da ƙarfi, in ce Gwaggo ga Ɗanlami ya zo gaisuwa. Ina jin motsin faifanta a ciki, ba ta amsawa. In aika sukari da gero da azumi, ta raba wa maƙwabta a ranar. Kun sha tambayata me ya sa kuke shiga ni ina zama a waje, ina ce muku zauren ya fi iska. A waɗannan shekarun ne kada ya fi yin tsawo, don in mutum yana ba da dariya ba a tambayarsa me ke damunsa.

Sai wata rana, bayan salula ta zo, ina rumfata a Nguru, Yaya Lawan ya kira ni, karo na farko tun rasuwar Bukar.

"Inna ba lafiya. Ta ce a kira ka."

Ban san yadda na wuce Jajimaji ba. Na isa zauren na tsaya bisa sabo, sai da wata yarinya ta ce an ce ka shigo. Ɗakin cike da mata. Gwaggo tana kwance, ta ƙanƙance har ba ta fi yarinya ba, numfashinta yana wani ƙara da na riga na sani daga Dagona. Ta ɗaga hannu, matan suka fita. Na durƙusa. Ta kamo kunnena, wannan kunnen dai, amma yatsun ba ƙarfi.

"Ka yi furfura," in ji ta.

Na ce, "Gwaggo, garin rogo ne ya zubo min a kasuwa."

Ta ɗan murmusa. Sannan ta ce:

"Lawan ya ce da sauƙi. Matan nan sun ce da sauƙi. Mai allura ma ya ce da sauƙi. Ɗanlami, kai me ka gani?"

Shekara da shekaru ina jiran muryar nan ta kira sunana. Ga ta ta kira, ga hannunta a kunnena, ga ni a cikin ɗakin da aka hana ni. Na ji ba zan iya sake rasa wannan ba, ko na yini ɗaya ne. Na ce:

"Da sauƙi, Gwaggo. Ai kin fi ni ƙarfi. Jibi ma ke za ki tuƙa mu zuwa Dagona."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ɗanta ya yi min a ƙarƙashin tsamiya. Sai ta saki kunnena.

"Ba kai na aika a kira ba," ta ce. "Wancan na aika a kira, na hanyar Jajimaji."

Ta juya fuskarta bango. Na zauna ina kallon bayanta, bayan da na yi barci a kansa. Matan suka fara dawowa ɗaya-ɗaya da kwanon kunu. Na ce a raina gobe zan zo da sassafe, in babu kowa, in gaya mata. Da sassafen na zo, na tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

To kun ji. In kuka sake ji ana cewa ubanku ya kashe taubashinsa da baki, kada ku yi faɗa da kowa, ku ce ya faɗa masa abin da ya tambaya ne. In kuma kuka ji ina ƙara wa kada tsawo, ku yi dariya, ku bar ni, ba na cutar kowa. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da na kwanta, kowa ya shigo ya ce da sauƙi, ba laifi, ku amsa musu yadda aka saba. Amma in na kori mutane na kamo hannun ɗayanku na ce me ka gani, kada a yi min ladabi. Hajara, ke da kika kawo zancen zuciya, ke nake nufi.